A Rubuta Kafin a Raba

Iyayenmu da 'yan'uwanmu Hausawan Gene da Malanbil da ƙauyukan kewaye, da waɗanda neman abinci ya kai su Kandi, Paraku da Kotonu suna bin wannan shafi daga can.

Aikin magatakarda da muke yi wa dattijon da ke riƙe da jama'armu a garin nan yakan sa a kira mu duk inda za a raba gado, malamai na lissafi mu kuma muna riƙe da alƙalami. Mun daɗe muna wannan zama, kuma akwai wata asara da muke gani tana maimaituwa gida bayan gida, wadda ba ta shiga lissafin kowa. Ita muke son mu ɗora a faifai yau.

Bayan sallar layya da ta wuce, Allah ya yi wa wani tsohon falke rasuwa a unguwarmu. Da aka gama da gona da gida da 'yan dabbobi, sai aka jawo wani adudu daga ƙarƙashin gadonsa. A ciki akwai babbar riga ta saƙi mai aska takwas, da rawani ɗan Kura wanda har yanzu shuninsa ke kama hannu, da gafaka, da 'yan takardu ɗaure da zare, da hoto guda baƙi da fari: maza bakwai zaune a ƙofar wani zaure. Aka yi wa rigar kuɗin da bai kai na tunkiya ba, kuma kafin sati ya zagayo wani mai yawon sayen tsofaffin kaya ya ɗauke ta. Hoton ya zagaya hannu zuwa hannu, aka gane mutum biyu, sauran biyar kowa ya yi shiru. Wadda za ta iya faɗin sunayensu ita ce ƙanwar mamacin, ita kuwa ta riga shi tafiya da damina ɗaya. Takardun nan samari suka ɗauka laya ce, har an ce a binne su. Da muka warware, ashe wasiƙar ajami ce daga wani ɗan'uwa a Jega, tana maganar bashin kanwa da ɗaurin auren wata yarinya, da sunayen mutanen gida biyu a jere. Magadan ba su taɓa sanin suna da dangi a Jega ba sai ranar.

Ba mu ga laifin kowa a gidan nan ba. An raba gado bisa shari'a, kowa ya karɓi haƙƙinsa. Amma muna da ra'ayi a kan lamarin, ga shi kuwa: bai kamata a sake raba adudun wani tsoho a cikinmu ba sai an rubuta abin da ke ciki, an ɗauki hotonsa, an tambayi masu sani labarinsa. Idan hali ya yi, a tambaya tun mai adudun yana raye.

Dalilinmu na farko shi ne matsayinmu a wannan ƙasa. Mu 'yan kaɗan ne a tsakiyar Dandawa da Fulani da Zabarmawa, muna cin kasuwa ɗaya, muna sallah sahu ɗaya, mun yi auratayya har jini ya gauraya. 'Ya'yanmu da yawa Dandanci suke yi a waje, Faransanci a lakwal, Hausa sai a tsakar gida. Wannan ba aibu ba ne. Sai dai yaron da ya tashi haka, ranar da wani ya ce masa baƙo ne shi, me zai nuna? Tarihi ya tabbatar cewa tun kafin Bature ya sa ƙafa a nan, ayarin fatake daga Kano da Katsina da Sakkwato suna ƙetare Kwara ta wajen Illo da Gaya, su ratsa ƙasar Bargu ta Kandi ko Jugu, su nufi Gwanja da kanwa da rinannun tufafi da jemammun fatu, su komo da goro. A kan wannan hanya aka kafa zango-zango, wasu fataken suka sauke kaya suka zauna. Iyakar da ta bar Illo a hannun Ingila, ta bar wannan gefen a hannun Faransa, sai a 1898 aka yi yarjejeniyarta. Wannan duka yana cikin littattafan masana. Abin da babu a cikinsu shi ne sunan kakanka, da garin da ya baro, da wanda ya ba shi masauki. Wannan yana cikin adudu, da bakin tsohuwar da ke zaune a ɗaki ba mai tambayarta.

Mu tuna abin da ya faru a ƙofar gidanmu. Da Benin da Nijar suka yi jayayya kan tsibirin Lete da sauran tsibiran Kwara, kotun duniya da ke Hague ta yanke hukunci a 2005, kuma abin da ɓangarorin biyu suka ɗora a gabanta tsofaffin wasiƙu ne da taswirori na zamanin mulkin mallaka. Haka kuma a watan Nuwamban 2021 Faransa ta maido wa ƙasar nan kayan sarauta 26 na Abome waɗanda sojojinta suka kwashe a 1892, aka baje su a Kotonu a 2022, jama'a suka yi ta tururuwa suna kallo. An iya neman kayan nan ne domin an san su, an san inda aka ɗauke su, an san sarakunan da suka mallake su. Rigar tsohon falkenmu kuwa ko gobe muka gan ta rataye a wani kanti, ba mu da abin da za mu ce tamu ce.

Dalili na biyu shi ne kayan kansu suna ɗauke da ilimi. Duk wanda ya taɓa warware tsohuwar riga ya san ba daga bandir aka yanko ta ba. Sawaye ne sirara da masaƙi ya saƙa, aka harhaɗa su da allura ɗaya bayan ɗaya. Saƙi zaren baba ne da fari a sarƙe, mai kama da jikin zabo. Rigar tsamiya kuwa zarenta daga tsutsar daji yake. Jan alharinin da ake yi wa shafi a bakin riga, ta Sahara ake kawo shi daga Tarabulus. Aikin aljihu, da aska biyu ko takwas, da tambari, da gidan biyar, yakan ci watanni a hannun maɗinki, kuma da yawa cikin maɗinkan nan malamai ne da almajirai, waɗanda suka saba da zayyana. Rawani ɗan Kura an rina shi a karofi an kai shi mabuga an buge shi da shuni har ya yi ƙyalli. Ke nan riga guda ta haɗa manomin auduga, da mace mai kaɗi, da masaƙi, da marini, da maɗinki, da falken da ya ɗauko ta. Yau keke ke yin aikin wuya a yini ɗaya, shadda kuwa daga jirgi take sauka. Idan tsofaffin suka ƙare daga hannunmu, maɗinkin da zai so ya koyi aikin kakanni ba shi da abin dubawa.

Haka abin yake a ɗakin mata. Zanen saƙi da gwado da fatala, da tasoshin jere, da munduwa da warwaro, kowanne akwai auren da ya kawo shi gidan, akwai garin da ya fito. Iyayenmu mata sun fi mu riƙe wannan lissafi, amma da wuya a kira su a zauren da ake rubutu.

Mun san akwai masu ja, kuma maganarsu tana da nauyi. Na farko zai ce tufafin mamaci sadaka ake yi da su domin lada ta isa gare shi. Gaskiya ne, kuma ba mu hana ba. Rigunan da za su suturta mai rai a bayar da su. Amma rigar da ta shekara saba'in, wadda in an sa ta sau biyu za ta yage, ba ta amfanar matalauci. Wanda yake son lada ta kai ga mahaifinsa ya yi mata kuɗi, ya yi sadaka da kuɗin, ya ajiye rigar.

Na biyu zai ce gado haƙƙin magada ne, babu mai ikon tsare shi. Wannan ma haka yake, kuma mu da muka yi karatu a zaure ba za mu ce a taɓa rabon maraya saboda tarihi ba. Tsarin a bayyane yake: a yi wa mamaci sutura, a biya bashi, a zartar da wasiyya cikin sulusi, sannan a raba. Rubuta abin da ke cikin adudu da ɗaukar hotonsa ba ya rage wa kowa ko dala. Bayan haka ƙofofin halal a buɗe suke. Baligi cikin magada yana iya ɗaukar rigar a rabonsa, ko ya fanshe ta ya biya sauran. Mai kaya tun yana da lafiya yana iya yin kyauta da su, ko ya mai da su wakafi.

Na uku zai ce hoto abin ƙi ne. Malamai sun yi saɓani a kan wannan, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya an bambanta tsakanin sassaƙe mai inuwa da hoton da ke shimfiɗe a takarda. Ba fatawa muke bayarwa ba, kowa ya koma ga malaminsa. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da rataye hoto a bango ba, ya sa shi a ambulan ya adana. Ba girmama takarda ake nema ba, sanin dangi ake nema, kuma ba a sada zumunci da wanda ba a san da shi ba. Da aka rufe gadar Malanbil zuwa Gaya bayan juyin mulkin Nijar na 2023, ziyara ta yi wuya, yara suka riƙa tasowa ba su san 'yan'uwansu na ƙetaren kogi ba, wannan sani ya ƙara tsada.

Na huɗu zai ce talauci ne, in mai saye ya zo da kuɗi a hannu ba a kora shi. Ba za mu ce wa mai jin yunwa ya rungumi riga ba. Roƙonmu kawai, kafin ka sayar ka sanar da dangi, wataƙila a samu mai fansa a cikin gida. In babu, a ɗauki hotonta gaba da baya, a rubuta mai ita, sannan ta tafi.

Ba gidan tarihi muke cewa a gina ba. Kano tana da Gidan Makama, Yamai tana da gidan tarihi na Bubu Hama, mu ba mu da ƙarfin wannan, kuma kayan da aka tara wuri ɗaya ba mai tsaro sun fi saurin salwanta. Kowane gida ya riƙe kayansa. Abin da muke buƙata kundi ne guda a zauren dattijonmu, kowane gida da shafinsa: wane kaya ne, na wane ne, daga ina ya zo, wa ya ba da labarin, yaushe aka rubuta. A rubuta da boko da ajami, domin tsoho ya iya dubawa, yaro ma ya iya. Samarinmu masu manyan wayoyi su ɗauki hotuna, a ajiye a wuri fiye da ɗaya, domin waya tana faɗawa ruwa, tana ɓata.

Kafin kundin ya tabbata, ga abin da kowa zai iya yi a makon nan. Ka ɗauki tsofaffin hotunan gidanku ka zauna gaban wanda ya fi kowa shekaru, mace ko namiji, ka rubuta sunaye a bayan hoton da fensir, daga dama zuwa hagu, kada ka sa biro domin tawadarsa tana huda takarda. Ka duba hatimin mai hoto a baya, sau da yawa yana faɗin gari. Duk takardar da ka ga an buga mata Dahomey, ka san ta girmi canjin sunan ƙasa na 1975: katin shaida ne, ko takardar haraji, ko fasfon wanda ya tafi Makka, kada ka yar. Takardar ajami kuwa a kai wa mai iya karantawa kafin a yanke mata hukunci. Tufafi a fitar da su daga leda, domin leda tana riƙe danshi. A naɗe su cikin farin ƙyalle, a sa busasshen ganyen dogon yaro saboda asu, a shanya su a inuwa lokacin hunturu. Adudu da akwati a ɗaga su daga ƙasa saboda gara da ruwa. Waɗanda suka ga ambaliyar 2010 a Malanbil da Karimama sun san abin da ruwa ke yi wa kayan da ke ƙarƙashin gado.

Iyayenmu dattawa, ku gafarce mu in mun yi muku shisshigi. Mun san kunya da kawaici ne ke hana ku zama ku ba yara labarin kanku, wasu kuma suna ganin buɗe adudu kamar kiran mutuwa ne. Ajali ba ya jiran a buɗe ko a rufe. Ku kira jikokinku ku ce wannan rigar ta wane ce, ga ranar da ya sa ta. Ku kuma samari, kada ku jira sai ranar sadakar uku ku fara tambaya, lokacin da mai amsa ya riga ya tafi.

Wasiƙar Jega tana nan, babban ɗan mamacin ya karɓe ta a rabonsa, kuma ya yi niyyar bin sawun dangin in Allah ya hore. Hoton ma yana nan, da sunaye biyu a bayansa da gurbi biyar. Duk wanda yake ganin tsohonsa zai iya gane fuskokin fataken garin nan na da, ya same mu a zaure bayan la'asar, za mu kawo hoton har gida.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya haskaka makwancinsu, ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bari. Wassalam.