Kafin ka ci bashin inji, nemi icen da za ka sassaƙa

Duk shekara idan aka gama girbi aka cika rumbuna, samarin Kanan Bakashe da ƙauyukan da ke kewaye, har zuwa Mayahi da Tasawa, sukan ɗauki jaka su tafi cin rani. Wasunsu kan dawo da sana'a a hannu, kafintanci na ciki. Sai dai wanda ya koyi aiki a Kano ko Katsina ko Maradi yakan dawo da siffar shagon maigidansa a ka: injin tsaga katako, injin gogewa, wayoyin lantarki ko'ina, ga tulin katakon kudu jingine da bango. A ganinsa idan bai mallaki waɗannan ba, bai buɗe shago ba. Nan za ka ga an sayar da tumakin tsohuwa an haɗa da bashi, an sayo inji da janareta, kuɗin katako kuwa babu. Ni a ganina, shagon da zai ɗore a cikin gida a wannan yanki namu ana kafa shi ne a kan kayan hannu masu kaifi, da rumfar ajiyar ice, da itacen da ke tsirowa a gonakinmu. Inji ya biyo baya, idan aiki ya kira shi.

Mu fara da wuta. A Nijar kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ke samun lantarki, a karkara kuma abin ya yi ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Ko masu ita ma sun ga abin da ya faru bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da Najeriya ta katse layin da ke kawo wa ƙasar mafi yawan wutarta, aka kuma rufe iyakoki har cikin farkon 2024. Kafin nan an yi wata rufewar daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Katakon da kafintan birni ke aiki da shi daga dazuzzukan kudu yake fitowa, a mota, ta hanyoyi irin ta Jibiya zuwa Ɗan Isa. Duk ranar da aka saka shinge a hanya, farashi ya tashi, mai shago ya zauna yana kallon injinsa. Wanda ya jingina abincin iyalinsa da wutar wata ƙasa da katakon wata ƙasa, ya miƙa makullin shagonsa ga mutanen da ba su san da zamansa ba.

Alhali kuwa ice na nan kusa, kuma a wannan fanni jihar Maradi ce ke koya wa duniya. Tun wajejen 1983, lokacin da Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostareliya da ke aiki da ƙungiyar SIM a Maradi, ya fara jan hankalin manoma su daina tone kututture su riƙa barin toho ɗaya ko biyu ya girma, sassaben zamani ya bazu daga gona zuwa gona. Masu bincike sun ƙiyasta cewa bishiyoyi kusan miliyan 200 sun dawo a kan kadada miliyan biyar a kudancin ƙasar, akasari a jihohin Maradi da Damagaram. Ƙara da dogon yaro da ke kowane titi da ƙofar gida, wanda icensa ke da nauyi kuma gara ba ta cika damunsa ba, da aduwa mai tauri da masassaƙa suka daɗe suna yin ƙota da allo da ita, da goribar Gulbin Kaba da aka sani wajen rufin ɗaki. Gaskiya ne wannan ice ba ya ba da dogon katako miƙaƙƙe, don haka mai son kabad ko gadon amarya dole ya sayo falanki. Amma ƙafar benci, da kujerar mata, da ƙotar fartanya, da gyaran amalanke, da ƙyauren rumbu, duk gajeren ice suke ci, kuma su ne ake nema kowace ranar kasuwa.

Shi ya sa wurin da ya fi cancantar kulawa a shagon gida shi ne inda ake busar da ice. Ɗanyen reshe idan aka yar da shi a rana cikin hunturu, bakinsa kan tsage cikin ƴan kwanaki, tsagar ta bi shi har ciki. A ɗora shi a kan duwatsu ko tubali don ya rabu da ƙasa da gara, a jera shi a inuwa da ƴan sanduna tsakanin kowane layi don iska ta ratsa, a shafe bakunansa biyu da ragowar fenti, a rubuta watan da aka sare shi da gawayi. Bayan wannan sai teburin aiki mai nauyi wanda ba ya rawa idan ana zarto, a ajiye shi bakin zaure inda haske ke faɗowa. Zarto da guduma da gizago da sukwaya da abin fere katako kowanne ya sami ƙusarsa a bango, sama da inda hannun yaro zai kai, dutsen washi kuma kusa da hannu, domin yawancin abin da ake kira wahalar aikin hannu dakushewar ƙarfe ce kawai. Garin katako a share shi kullum da yamma, a nisanta shi da murhu da darni. Gobarar azuzuwan zana da ta ci ran yara fiye da 20 a Maradi a Nuwamban 2021 ta isa ta tuna mana yadda wuta ke gudu a busasshen abu.

Za a ce aikin hannu yana da jinkiri, masu walda sun ƙwace ƙofofi da gadaje, kujerun roba kuma sun cika kasuwa. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma kafintan da ya ce zai yi gasa da roba wajen araha zai sha kaye. Amma roba idan ta karye sai juji, benci kuwa ana canza masa ƙafa ya ƙara shekaru, gyara kuma aiki ne da ba ya zuwa daga waje. Idan babban aiki ya samu, ana iya kai katako inda ake da inji a birni a tsaga a goge a biya, ko kafintoci uku huɗu su haɗa kuɗi su sayi guda. Biyan ladan inji sau ɗaya a wata ya fi sauƙi a kan bashin da ke kwana da kai.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na masu tsoron kada kafintoci su cinye abin da manoma suka yi shekara 40 suna reno. Tsoron yana kan hanya, domin ɓarayin ice da ke sara da dare sun sha karya gwiwar masu gona. Amma a tuna abin da ya dawo da bishiyoyin tun farko: manomi ya fara barinsu ne da ya tabbata amfaninsu nasa ne. Dokar gandun daji ta 2004 da dokar 2020 da ta tsara sassaben zamani duk sun ƙarfafa wannan haƙƙi. Bishiyar da reshenta ke da mai saye a gari, mai ita zai fi tsaronta. Sharaɗin dai kafinta ya sayi ice daga hannun mai gona ido da ido, ya nemi izinin jami'an gandun daji inda doka ta ce a nema, ya bar gawo ya yi aikinsa na taki da abincin dabbobi, wanda dama icensa bai da ƙarko.

Ina kira ga hukumar Kanan Bakashe da takwarorinta na Mayahi da Tasawa: idan za a gyara bencin makaranta, a fara neman kafintan gari kafin a ba ɗan kwangila daga nesa. Asusun tallafa wa horon sana'a na FAFPA da cibiyoyin koyon sana'a kuma su saka busar da icen gida da washin kayan aiki a cikin abin da suke koyarwa. Kai kuma saurayi da ka dawo da ɗan jari a aljihu, sayi zarto mai kyau da dutsen washi, kafa rumfar icenka a wannan rani tun damina ba ta sauka ba.