Aikin Ido Ba Ya Ƙarewa A Ɗakin Tiyata

Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa, in ban da yanar ido, babu cutar da ta kai hawan jinin ido makantar da 'yan Nijeriya. Ita ce sanadin makantar kusan kashi 17 cikin ɗari na makafi masu shekara 40 zuwa sama. Ganin da ta tafi da shi ba ya dawowa. Ɗaya daga cikin abubuwan da likita kan yi shi ne ya huda 'yar kafa, ruwan cikin ido ya riƙa tsiyayewa, domin a tsare ɗan ganin da ya rage.

To, amma wannan kafa takan bar ɗan kumburi mai siririyar fata a ƙarƙashin fatar ido ta sama. Ta nan ƙwayoyin cuta kan kutsa, ko da an shekara biyar da yin aikin. In suka kai cikin ido, kwana kaɗan ya ishe su su kashe shi. Alamun kuwa ba ɓoyayyu ba ne: ja, zogi, kwantsa, ƙyamar haske da dushewar gani.

A duba halin manomin Talata Mafara, Bakura ko Maradun da aka yi wa aiki a Sakkwato ko Kaduna. Zai koma fadamar Bakolori, ya wuni cikin taɓo da ƙaiƙayin shinkafa. Ranar da idon ya yi ja, ga nisan asibiti, ga kuɗin mota, ga fargabar 'yan bindiga a hanya. Sai a ɗauko tozali, ko a ɗiga nonon mace, ko a sayo maganin ɗigo a kemis ba tare da sanin likita ba. Kafin a kai shi Gusau, bakin alƙalami ya bushe.

Don haka muna kira ga Gwamnatin Jihar Zamfara da ta ajiye jami'in jinya ƙwararre kan ido, da magungunan kashe ƙwayoyin cuta, a babban asibitin kowace ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin nan uku. Kada kuma a sallami majinyaci sai an yi masa bayani da Hausa, an ba shi takarda da boko da ajami mai cewa: in ido ya yi ja, a zo yau, kada a kwana. Ba a fafe gora ranar tafiya.