Kafin gara ta riga ka

A shekarar 1996 kamfanonin Visioneer da Compaq na Amurka sun sayar da wani allon buga rubutu na kwamfuta mai tsaga a bisansa. Da ka tura takarda, sai ya ja ta, ya ɗauki hotonta, ya ajiye cikin kwamfuta. An ƙera shi domin mai aiki a gida wanda teburinsa ba shi da fili. Sai dai falle ɗaya-ɗaya yake karɓa, littafi ba ya shiga. Kasuwarsa ba ta daɗe ba. Yau wayar hannu ke yin aikin.

Amma buƙatar tana nan. Waɗanda suka ga gobarar babbar kasuwar Yamai ta 1982 sun san wuta ba ta bambanta haja da takarda. Ɗan kasuwa, ɗauki hoton takardun duwan da na bashi. Ma'aikaci, kada ka manta da takardar ɗaukarka aiki da ta ƙarin girma: ranar ajiye aiki za a neme su. Hoto ba ya maye gurbin asali a gaban hukuma, amma mai lamba da kwanan wata a hannu ya fi saurin samun wata.