Malaman Turanci da Kayan Zamani: A Fara Musayar Daga Makarantun Chanchaga

A Minna hedikwatar hukumar shirya jarrabawa ta NECO take, a kan hanyar Bida, kuma tun kafa ta a 1999 daga nan ake tsara jarrabawar da ɗalibai ke rubutawa a ko'ina cikin Najeriya. Duk wanda ya taɓa neman gurbin karatu ya san cewa idan babu kiredit a Turanci, sauran sakamakon ba ya kai yaro ko'ina. Yanzu kuma an ƙara wa yaron wani shinge. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, WAEC ta fara gwada hakan da masu rubutawa daga waje a 2024, sannan a 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da niyyar mayar da WAEC da NECO kan wannan tsari. Ke nan yaron unguwar Limawa ko yarinyar Kpakungu a nan Minna sai sun iya harshen, sun kuma iya na'urar da za a tambaye su da ita. Wanda aka ɗora wa wannan kaya shi ne malamin Turanci, wanda galibi da alli da allo aka koyar da shi, da su kuma aka koya masa koyarwa. Ra'ayina shi ne, musayar ƙwarewar da za ta fi amfanar wannan malami ita ce wadda za a yi tsakanin aji da aji a cikin Ƙaramar Hukumar Chanchaga da ke Minna, kuma duk wata tafiya waje ko bita a otal, da abin da ta ƙara wa wannan musayar ta gida ya kamata a auna ta.

Shirye-shiryen ƙasashen waje suna nan, kuma ba abin rainawa ba ne. Gwamnatin Amurka tana da wani reshe na shirin Fulbright da ke kai malaman sakandare jami'o'inta na mako shida, su zauna a aji, su kuma shiga makarantun can su ga yadda ake aiki. Tana da kwasa-kwasan intanet na mako takwas ga malaman Turanci. Hukumar British Council ta Birtaniya ta daɗe tana samar da kayan koyarwa kyauta da tarukan horo, sannan akwai ƙungiyar malaman Turanci ta ƙasa, ELTAN, da ke haɗa mutanenta. Babban abin da malami ke samu a irin wannan tafiya shi ne ganin wani malami yana koyarwa, abin da da yawa daga cikin malamanmu ba su sake yi ba tun da suka gama koyarwar gwaji. Gani ya kori ji. Sai dai gurbin kaɗan ne, ƙasar kuma babba ce, har ƙaramar hukuma guda tana iya yin shekaru ba ta samu mutum ɗaya ba. Ajin da malamin zai gani a can yana da wuta dare da rana da yara ƙalilan, shi kuwa zai dawo ya tarar da aji maƙil da soket ɗin da ba ya kawo komai. Ƙofar ma ƙara tsukewa take yi: a 2025 Amurka ta rufe hukumarta ta USAID, Birtaniya kuma ta sanar da rage kuɗin tallafin da take ba ƙasashe. Wanda ya jingina horon malamansa da aljihun wata ƙasa, ranar da aka canja gwamnati a can horon ya tsaya.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ke faruwa bayan dawowa. Malami ya dawo da takardar shaida, a yi masa barka da zuwa, shi ke nan. Babu wanda ya ware masa lokaci ya nuna wa abokan aikinsa abin da ya gano, babu wanda ya shiga ajinsa ya ga ko wani abu ya canja. Sau da yawa takardar ce ma ke fitar da shi daga aji, ya koma ofis ko makarantar kuɗi ko wata ƙungiya. Ba na ganin laifin mutumin da ya nemi abin da zai riƙe iyalinsa. Laifin na tsarin ne da bai tanadi inda zai sauke abin da ya ɗauko ba.

Masu ganin cewa maganin shi ne a sayo na'urori a raba, su dubi abin da ya faru a wasu wurare. Ƙasar Peru ta raba wa yaran firamare dubban ɗaruruwan ƙananan kwamfutoci, irin waɗanda aka gwada a wata firamare a Galadima da ke Abuja a 2007. Da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar da bincikensa a 2012 kan makarantu sama da 300, sai aka ga yaran sun iya sarrafa na'urar, amma makinsu a lissafi da harshe bai ɗaga ba. A Bangladesh an bi wata hanya daga 2008 zuwa 2017, a wani shirin koyar da Turanci da Birtaniya ta ɗauki nauyi. An ba malami waya mai araha da katin memori ɗauke da sautukan darasi da bidiyon malamai irinsa suna koyarwa a ajujuwa irin nasa, aka haɗa masa da ƙaramar lasifika mai caji. Muhimmin abu kuma, malamai biyu ake ɗauka daga kowace makaranta don su riƙa duba juna, sannan su haɗu da na makarantun kusa lokaci zuwa lokaci. Da aka shiga ajujuwan daga baya, an tarar malamai sun ƙara magana da Turanci, yara ma sun samu bakin magana. Ko gwajin da Bankin Duniya ya yi a birnin Benin a 2024, inda 'yan aji ɗaya na babbar sakandare suka yi mako shida suna koyon Turanci da manhajar ƙirƙirarriyar basira aka kuma ga ci gaba mai yawa, malamai ne suka buɗe kowane zama, suka zagaya tsakanin yaran, suka ja hankalinsu ga kurakuran na'urar. Duk inda aka ga amfani, akwai malamin da aka horar kuma ba a bar shi shi kaɗai ba.

Jihar Neja ma ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A 2006, ita da Kaduna da Filato ne jihohi uku da aka fara gwada shirin SMASE na ƙarfafa koyar da lissafi da kimiyya a firamare, da tallafin hukumar JICA ta Japan. An ɗauko tsarin ne daga Kenya, can ma aka riƙa tura masu horarwa, wato musaya ce tsakanin ƙasashen Afirka biyu masu matsaloli iri ɗaya. Ginshiƙinsa shi ne malami ya tsara darasi, ya koyar, a duba tare, a gyara, kuma ya yi amfani da abin da ke kusa da shi maimakon jiran kayan da ba za su zo ba. Rauninsa shi ne raunin duk horon da ke gangarowa daga sama: na ƙasa ya horar da na jiha, na jiha ya horar da na ƙaramar hukuma, kafin a kai ga malamin aji an tsarma abin da ruwa har ya salance. Turanci bai shiga cikin shirin ba, alhali da shi ake rubuta littattafan lissafin da kimiyyar. Darasin da na ɗauka shi ne, a riƙe ɗabi'ar duba darasi tare, a kuma rage tsawon tsanin da ke tsakanin mai horarwa da mai riƙe da alli.

Abin da malamin Turanci a Chanchaga ya fi buƙata daga fasaha a bayyane yake. Yaran da ke gabansa da Gwaranci ko Nufanci ko Hausa suka tashi, wasu da Yarabanci ko Ibo, kuma Hausa ce ke haɗa yawancinsu a kasuwa da filin ƙwallo. Da yawa ba sa jin cikakkiyar jimlar Turanci sai a aji, daga bakin mutum ɗaya. Ga shi kuwa jarrabawar kammala sakandare tana da takarda guda a kan furuci da sautuka, wadda ake koyarwa da alamomi a jikin allo, yaro ya haddace sautin da bai taɓa ji ba. Waya da lasifikar caji sun isa su canja wannan. Malami zai sauke sauti sau ɗaya inda akwai intanet, ya tura wa abokan aikinsa waya zuwa waya ba tare da an kashe data ba. Zai iya ɗaukar muryar yara suna karatu ya sake kunna musu su ji kansu, yaron da ke cakuɗa sautin p da f ya kama bambancin da kunnensa. Zai iya ɗaukar darasinsa na minti goma a bidiyo ya kalla da abokin aiki, ya ga ashe shi ya cinye lokacin duka yara ba su ce uffan ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar majigi ko allon zamani, amma kowanne yana buƙatar wanda zai nuna, da wanda zai dawo bayan mako biyu ya tambayi yadda aka ƙare.

Chanchaga tana da abin da ƙananan hukumomi da yawa ba su da shi. Makarantunta kusa da juna suke, daga Makera zuwa Sabon Gari, daga Nasarawa zuwa Tudun Wada, kuɗin Keke Napep ne kawai. Ga Kwalejin Ilimi ta Jiha a cikin gari, ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 1983, mai sashen fasahar koyarwa. Abin da ya rage shi ne tsari. A haɗa makarantu huɗu ko biyar na unguwa ɗaya, na gwamnati da na kuɗi da Islamiyyun da ke koyar da boko. Kowace makaranta ta ba da malamai biyu. Sau biyu a wata malami ya je ya zauna a ajin wani, a rubuta wannan cikin jadawalin darasi a matsayin aiki, kada a mayar da shi alfarmar da shugaban makaranta zai yi ranar da ya ga dama. Malaman kwaleji da na jami'a su riƙa zagayawa suna ba da shawara, duk wanda gwamnati ta sahale masa tafiya horo waje kuma a rubuta masa tun kafin ya tafi cewa zai jagoranci rukuni ɗaya na shekara guda, a kuma lissafa masa wannan wajen ƙarin girma. A raba wannan ziyara da ta sufeto, domin malamin da ke tsoron a rubuta sunansa ba zai nuna inda ya gaza ba. Kuɗin ma akwai inda za a nema: dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga ilimin matakin farko, kuma a ciki akwai kason horar da malamai da ke zuwa hannun hukumomin jihohi.

Za a ce wannan magana ce ta wanda bai san halin da makarantu ke ciki ba, rufi na yoyo, yara na zaune a ƙasa, wuta babu. Gaskiya ne, kuma abin takaici ne a jihar da ke da madatsun wutar lantarki na Kainji da Shiroro da Zungeru a ce makaranta ba ta da inda za ta yi cajin lasifika. Amma wannan hujja ce ta zaɓar kayan da ƙaramin faifan sola zai iya riƙewa, ba ta jinkirta horo ba. Yaron da ke aji uku na babbar sakandare bana ba zai jira a gama gyaran rufi ba. Za a kuma ce idan malamai masu rauni suka taru, kuskurensu za su raba wa juna. Wannan ƙorafi yana da nauyi, domin akwai masu koyar da Turancin da su kansu ba su sake da harshen ba. A nan ne musayar waje take da gurbinta na gaskiya: wanda ya je ya gano, da malamin kwaleji, da sautin da aka ɗauko daga ingantacciyar majiya, su ne za su hana rukunin zagaye wuri ɗaya. Malamin da ke kunna wa yara sauti kullum, shi ma kunnensa na ji.

Ƙorafin da na fi yarda da shi shi ne na aljihu. Ba adalci ba ne a ce malamin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata ya saka wayarsa da datarsa da kuɗin motarsa a aikin gwamnati. Idan ba a biya waɗannan ba, shirin zai mutu cikin zango ɗaya, kuma malaman ba za su zama abin zargi ba. Kuɗin bitar kwana uku a otal, da abinci da jaka da alawus, zai iya ɗaukar wannan hidima na tsawon lokaci, sai dai ba a yanke kintinkiri a kansa, ba a kuma ɗaukar hoto. Akwai kuma iyayen da ke tsoron waya a makaranta saboda abin da take shigo da shi, kuma tsoronsu yana kan hanya. Wayar da ake magana a kai ta malami ce, a hannun malami, ba a ce a raba wa yara ba.

Ina kira ga hukumar ilimin matakin farko ta jiha, da ma'aikatar ilimi, da sakataren ilimi na Chanchaga, su gwada wannan a mazaɓa biyu na tsawon shekarar karatu ɗaya. A saurari karatun yara da maganarsu a farkon shekara, a sake saurara a ƙarshe, a fitar da sakamakon kowa ya gani, ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Shugabannin makarantun da ke maƙwabtaka da juna kuwa ba sai sun jira takarda daga sama ba, su zauna a zangon nan su daidaita jadawalinsu, malaman Turancinsu su fara shiga ajin juna.