Tsuntsun Da Aka Kai Gaban Alƙali

Akwai masu cewa duk sassaƙar da ba ta yi kama da abin da ido ya saba gani ba shirme ce, wai mai yinta ya rasa gwaninta ne ya fake da sabon salo. Ba su kawo wani abu sabo ba. Ma'aikatan kwastan na Amurka sun riga su faɗin haka tun 1926, magana ta je kotu, aka kayar da su.

Mutumin da aka yi rigimar a kansa shi ne Konstantin Birankushi, wanda aka haifa a wani ƙauye na Romaniya a 1876, ya tashi yana kiwon tumaki. Tun yana makaranta a Bukares ya ƙera siffar mutum wadda ke nuna jijiya da tsoka, ta yi daidai har aka riƙa koya wa ɗaliban likitanci da ita. To, mai wannan hannu za a ce kamantawa ta gagara? A 1904 ya isa Paris, yawancin tafiyar a ƙasa. Ya shiga hannun Rodan, sarkin masassaƙan zamanin, bai daɗe ba ya fita don neman tafarkin kansa.

Shekara da shekaru yana sassaƙa tsuntsu yana ragewa. Ya cire fiffike, ya cire gashi, har saura wani dogon siririn abu na tagulla, gogagge sai sheƙi. Abin da yake nufi shi ne tashin, ba tsuntsun ba. Da aka sauke shi a Niyu Yok, kwastan suka duba ba baki ba fiffike, suka ce ƙarfe ne kurum, a biya kashi 40 cikin 100 na kuɗinsa, alhali doka ta yafe wa aikin fasaha haraji. Abin dariya ma, a rukunin kayan girki da na asibiti aka rubuta shi.

Birankushi ya kai ƙara. Gwamnati ta kawo nata masassaƙan, suka ce wannan ba fasaha ba ce, hujjarsu dai ba ta wuce rashin kama ba. Ashe in da kama ce ma'auni, ai mai ɗaukar hoto ya fi kowane gwani. A 1928 alƙalai suka yanke cewa ko an yarda da sabon salon ko ba a yarda ba, aikin gwani ne, ya shiga ba haraji.

Ƙasarsa ma ta yi irin wannan wauta. A 1951 malaman gwamnatin Kwaminis ta Romaniya suka raina ayyukansa. A 1952 ya zama ɗan Faransa, ya mutu a 1957, ya bar wa Faransa ɗakin aikinsa da duk abin da ke ciki. Doguwar hasumiyar da ya kafa a Targu Jiyu a 1938, wadda aka taɓa neman a tumɓuke ta, UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 2024.