Simintin da Ya Fito Daga Ƙasan Teku

Duk buhun simintin Ashaka da aka sauke a kasuwar Gantsa, hedikwatar ƙaramar hukumar Buji, ragowar teku ne. Dutsen farar ƙasar da kamfanin ke haƙa a Funakaye ta jihar Gombe tun daga 1979 ya taru ne a ƙarƙashin ruwan gishiri, shekaru sama da miliyan 90 da suka shuɗe, daga ƙoƙunan halittun ruwa da suka mutu suka kwanta bisa juna. Har yau ana tsintar wata halittar ruwa mai kama da dodon koɗi, mai naɗaɗɗen ƙoƙo, a cikin dutsen, wadda masana ke kira amonayit, halittar da ta ƙare daga doron duniya lokaci guda da dinoso. Ga shi kuwa Gombe tana da nisan ɗaruruwan kilomitoci daga bakin teku.

Ra'ayina shi ne, wannan tarihi ya cancanci gurbi a makarantunmu da kasafin gwamnatocinmu, domin shi ne ya tsara inda ruwan sha yake a ƙarƙashin ƙasarmu, da inda siminti da kwal da man fetur suke. Rashin saninsa yana ci mana kuɗi, yana kuma sa muna niƙe shaidar da ba za ta sake samuwa ba.

Lokacin da Dutse take tsakanin ruwa biyu

Masana suna kiran wannan zamani Kiretashiyas, sunan da aka ɗauko daga kalmar Latin mai nufin alli, saboda yawan allin da tekunan lokacin suka bari. Kashinsa na ƙarshe ya fara ne shekaru kusan miliyan 100 da suka wuce, ya ƙare shekaru miliyan 66 da suka wuce.

Duniyar wancan lokaci zazzafa ce. Iskar kabon da ke sararin sama ta ninka ta yau, ga duwatsu masu aman wuta suna ƙara ta. Babu tulin ƙanƙara na dindindin a ƙuryar arewa ko ta kudu. A 2020 wasu masana suka wallafa sakamakon haƙar da suka yi a ƙasan teku daura da yammacin Antatika, inda suka samu saiwoyi da ƙwayoyin furen wani daji da ya tsiro shekaru miliyan 90 baya, kimanin kilomita 900 kacal daga ƙuryar kudu. Tun da ruwa bai daskare a ko'ina ba, kuma sabon ƙasan teku mai zafi yana kumbura yana tura ruwa sama, sai teku ya haura matsayinsa na yau da fiye da mita 100, ya malala cikin nahiyoyi.

A daidai lokacin Afirka da Kudancin Amurka suna gama rabuwa. Tsagar da ta raba su ta yi reshe ya shigo cikin Nijeriya, amma bai kai ga tsinka nahiyar ba. Wannan reshe shi ne kwarin Binuwai. Ta cikinsa ruwan Atilantika ya kutso daga kudu, ya bi ta Gongola zuwa kwarin Cadi, ya haɗu da ruwan tsohon tekun Tetis da ya gangaro daga arewa ta cikin Sahara. Baƙar lakar da ta daskare a yankin Fika ta jihar Yobe, da farar ƙasar Ashaka, duk ajiyar wannan teku ne. Daga baya, kusa da ƙarshen zamanin, wani hannun tekun ya shigo ta arewa maso yamma ya mamaye ƙasar Sakkwato.

Yankin Dutse kuwa tudu ne a tsakani. Duwatsun da garin ya ci sunansu sun girmi tekun nesa ba kusa ba. Awon da aka yi musu ya nuna shekaru kusan miliyan 213, wato sun daskare ne tun dinoso suna sababbin shiga duniya. Suna cikin jerin duwatsun da suka miƙa kudu ta Jos har zuwa Afu a jihar Nasarawa, kuma shekarunsu suna raguwa yayin da ake yin kudu, har zuwa kusan miliyan 141. Asalinsu narkakken dutse ne da ya huce a ƙarƙashin duwatsu masu aman wuta, sannan ruwa da iska suka kankare abin da ke samansu.

Mai karatu yana da haƙƙin tambaya: wa ya gani? Amsar tana cikin dutsen kansa. Akwai sinadarai irin su yuraniyom da ke rikiɗewa zuwa darma a hankali, bisa ƙa'idar da aka auna, wadda zafi ko sanyi ba sa sauya ta. Kamar tulu ne mai ɗiga da ƙa'ida: in ka san yawan ɗigon a kowace sa'a, ka kuma auna ruwan da ya taru a ƙasa, ka san tun yaushe aka cika shi. Ɗakunan bincike daban-daban suna maimaita awon da sinadarai daban-daban, amsoshin kuma suna zuwa kusa da juna.

Abin da tekun ya bari

A 1930 wani masani ɗan Birtaniya, W. E. Swinton, ya yi bayanin wasu ƙasusuwa da aka tono a lardin Sakkwato. A 1972 masana daga jami'ar Florence ta Italiya, ƙarƙashin Augusto Azzaroli, suka tabbatar wani jinsi ne na daban na manyan ƙadangarun teku, suka raɗa masa suna Goronyosaurus, wato ƙadangaren Goronyo. A 1975 kuma aka sanya wa wani kadan ruwan gishiri suna Sokotosuchus. Sunayen garuruwanmu suna cikin littattafan kimiyya na duniya fiye da shekara hamsin, amma da wuya ka samu ɗalibin sakandare a Goronyo da ya taɓa jin labarin.

Tekun Sakkwato bai janye nan take ba. Bayan wani ƙaton dutse mai faɗin kusan kilomita 10 ya faɗo daga sararin samaniya a yankin Yukatan na ƙasar Meziko, shekaru miliyan 66 baya, ya kawo ƙarshen dinoso, ruwan ya sake dawowa ya shimfiɗa farar ƙasar Kalambaina, wadda masana'antar simintin Sakkwato ke ci har gobe. Kwal ɗin Enugu da aka gano a 1909, da na Maiganga a Gombe, ragowar dazuzzukan fadamar bakin tekunan zamanin Kiretashiyas ne.

Haka ma man fetur. Shekaru kusan miliyan 94 da suka wuce, zafi ya sa iskar shaƙa ta yi ƙaranci a ƙasan tekuna da dama, gawarwakin ƙananan halittu suka taru ba su ruɓe ba, suka zama baƙar laka. Irin wannan laka, in ta nutse ta dahu tsawon miliyoyin shekaru, ita ke zama mai. Man Agadem na Nijar, wanda matatar Damagaram ke tacewa tun 2011, da wanda kamfanin NNPC ya ce ya gano a Kolmani tsakanin Bauchi da Gombe a 2019, duk a cikin kwaruruwan da tsagewar wancan zamani ta haifar suke.

Inda abin ya shafi rijiyar unguwa

Wanda ya tashi daga Gantsa ya nufi Dutse ko Birnin Kudu, duwatsu zai yi ta gani. In ya nufi Kafin Hausa da Haɗeja, sai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da jigayin yashi, waɗanda jihar ta samo sunanta daga gare su. Wannan bambanci ya zarce abin da ido ke gani. A kudu maso yamma, tsohon dutse ne a ƙasa, ruwa ba ya zama sai a tsagoginsa da ruɓaɓɓen samansa. A arewa maso gabas kuwa, kwarin Cadi ya ci gaba da nutsewa yana tara yashi da laka, yashin nan kuma yana riƙe ruwa kamar soso.

Saboda haka rijiyar burtsatse biyu masu zurfi ɗaya, da tazarar 'yan kilomitoci a tsakaninsu, ɗaya za ta iya yin ambaliya ɗayar ta ƙafe kafin bazara ta raba. Duk kwangilar rijiya da aka bayar a yankin dutse ba tare da awon ƙasa ba, caca ce da kuɗin jama'a. Asarar kuma kan yarinyar da za ta koma tafiya ɗiban ruwa take faɗawa.

Akwai masu kafa hujja da wannan tarihi su ce ai yanayi ya saba canzawa, don haka babu abin damuwa a ɗumamar yau. Gaskiya ne ya saba canzawa, amma zafin wancan zamani ya taru ne cikin miliyoyin shekaru. Mu kuwa mun ɗaga iskar kabon daga kashi 280 cikin miliyan zuwa sama da 420 a ƙasa da shekara 300. Darasin da duwatsun ke bayarwa shi ne, idan kabon ya ƙaru, zafi yana biyo baya, teku kuma yana tashi. A wancan karon babu manomin shinkafa a Haɗeja ko Ringim da zai rasa gonarsa kamar yadda aka yi a ambaliyar 2022.

Wani kuma zai ce jihar da ke fama da yaran da ba sa zuwa makaranta ba ta da sukunin kula da ƙasusuwan da suka zama dutse. Hujja ce mai nauyi. Sai dai abin da ake buƙata ba shi da tsada. Nijar, wadda ba ta kai mu arziki ba, ta baje ƙwarangwal ɗin dinoso a gidan tarihin Boubou Hama da ke Yamai, yara suna zuwa suna kallo. Jami'ar Tarayya ta Dutse, da aka kafa a 2011, tana zaune a gindin duwatsu masu shekaru miliyan 213. Ɗaki guda ya isa a jera samfurin dutsen Dutse, da amonayit na Ashaka, da farar ƙasar Kalambaina, da baƙar lakar Fika, kowanne da bayaninsa cikin Hausa. Kamfanonin siminti za su iya ware abin da ma'aikatansu suka tsinta kafin injin niƙa ya haɗiye shi. Hukumar binciken ƙasa ta Nijeriya, wadda asalinta ya koma 1919, tana da taswirori. Ya kamata kowace ƙaramar hukuma ta mallaki ta yankinta, a kuma wajabta duba ta kafin a sa hannu a kwangilar rijiya.

Zane-zanen da ke kan duwatsun Birnin Kudu sun samu kariya ne saboda an yarda tarihi ne. Duwatsun da aka yi zanen a kansu sun fi zanen tsufa da ɗaruruwan miliyoyin shekaru, kuma kullum tifofi suna kwasar irinsu zuwa wurin gini. Ba a ce a daina fasa dutse ba, gini dole ne. Amma kafin a fasa, a samu wanda zai duba, ya auna, ya rubuta, ya ajiye samfuri.