Wuraren Tarihin Maiduguri: Jarin da Ruwa Ke Yi wa Barazana

Baƙon da ya sauka Maiduguri da nufin ganin gari, ziyararsa kan fara ne daga Dandal, filin da ke gaban Fadar Shehun Borno, inda ake hawan Sallah. A shekarar 1907 ne Shehu Abubakar Garbai ya taso daga Kukawa ya zauna a Yerwa, gefen sansanin Turawan mulki, kuma daga nan birnin ya kafu. Daga fada baƙo kan gangara Kasuwar Monday, ya sayi hula ɗinkin Bama da turaren wuta da humra, sa'an nan ya ƙarasa gidan namun daji na Sanda Kyarimi. Waɗannan wurare uku duka ruwa ya shige su a ranar 10 ga Satumba, 2024.

Dalilin ba a ɓoye yake ba. Kogin Ngadda ne ya ratsa birnin, kuma a kansa aka gina madatsar ruwa ta Alau, wadda aka kammala a 1986 domin samar da ruwan sha da noman rani a fadamar Jere. Ambaliya daga wannan madatsa ta taɓa cin garin a 1994. Bayan shekara 30 ta sake ɓallewa, ruwa ya mamaye Gwange da Gamboru da unguwar Gidan Waya da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ya raba dubban ɗaruruwan mutane da muhallinsu. Hukumar gidan namun dajin ta bayyana cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na dabbobinta sun halaka. Kasuwar Monday kuwa, ba ta gama farfaɗowa daga gobarar Fabrairun 2023 ba ruwan ya same ta.

Abin da ya kamata 'yan kasuwa su lura da shi shi ne, wuraren tarihi jari ne kamar kowane jari. Kowane baƙo da ya zo kallon hawa ko fada, kuɗinsa na shiga aljihun mai otal da mai keke-napep da maɗinkin hula da mai kilishi. Garin da ya shafe shekaru yana fafutukar wanke sunansa daga rikicin Boko Haram bai kamata ya yarda a ƙara masa sunan garin da ruwa ke ci ba, domin mai zuba jari da mai yawon buɗe ido labari ɗaya suke ji.

Akwai darasi a birnin Benis na ƙasar Italiya, wanda hanyoyinsa na ruwa ne, kuma abincin mutanensa ya dogara ga masu zuwa kallon tsofaffin gine-gine. Mummunar ambaliya ta same shi a 1966, ta sake dawowa a Nuwambar 2019. An gina masa ƙofofin ƙarfe 78 masu tare ruwan teku, waɗanda aka fara ɗagawa a Oktobar 2020, sa'an nan a 2024 aka soma karɓar Yuro 5 daga masu ziyarar yini guda a wasu ranaku. Maiduguri ba ta da dukiyar Benis, ba ta kuma bukatarta, tun da matsalarta madatsa ɗaya ce da kogi ɗaya.

A Fabrairun 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da Naira biliyan 80 domin sake gina madatsar Alau. Wannan abin yabawa ne, amma gini kaɗai ba ya isa, domin rashin kulawa bayan gini shi ne ciwon da aka daɗe ana fama da shi. Ya kamata ƙungiyoyin 'yan kasuwar Borno su nemi a riƙa duba lafiyar madatsar kowace shekara kafin damina, a kuma bayyana sakamakon ga jama'a. Haka nan a yashe Ngadda da magudanan cikin gari, a tsaya kan hana gini a hanyar ruwa, a adana takardu da kayan tarihin masarauta a wuri mai tudu, masu shaguna kuma su rungumi inshora.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Kuɗin yashe kogi da duban madatsa bai kai ko kusa da asarar kayan da suka ruɓe a rumfunan Kasuwar Monday cikin mako guda ba, kuma wannan lissafi ne da kowane ɗan kasuwa ya iya.